Fassarar Da Ta Tsayar Da Keken Gwaggo

Akwai wani saurayi da ya dawo gida bayan shekara bakwai a ƙasar waje, 'yan unguwa suka laƙaba masa Ɗan Jirgi. Tun da ya sauka zama ya gagare shi. Ya shiga ɗaki, ya fito, ya kaɗa makulli a yatsa, ya sake komawa. Abu ɗaya ke sa shi ji da kansa: duk wanda ya samu saƙon Turanci, shi ake kawo wa.

Ba wanda ya san cewa a can lodin kwali yake yi a sito, Turancin nasa bai wuce na ɗauka da ajiyewa ba.

Wata safiya gwaggonsa, wadda tela ce, ta kira shi shagonta. Ta ɗinka wa 'yar aminiyarta doguwar riga, yarinyar ta ɗora hoton a waya, ta rubuta kalmomi biyu na Turancin 'yan zamani a ƙasa.

"Ɗana, duba min. Me ta ce a kan aikina?"

Ya duba. Bai taɓa cin karo da maganar ba. Ga mata uku zaune suna kallon bakinsa. Sai ya hango 'yar fuskar nan mai dariya a gefen rubutun.

"Gwaggo, cewa ta yi rigar abin dariya ce."

Gwaggo ta ajiye almakashi.

Da la'asar yarinyar ta zo da ƙawayenta huɗu, kowacce da yadi a hannu. Gwaggo ta tare ƙofa. "Ku kai wa wadda ba ta ɗinka abin dariya."

Aminiyarta ta kira har sau uku, ta ƙi ɗagawa. Zumuncin shekara ashirin ke nan yana neman rushewa.

Ɗan Jirgi ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kwana biyu yana zagaya shagon, keken ɗinki shiru. Ran na uku ya je ya samu yarinyar.

"Don Allah ƙanwata, me maganar nan take nufi?"

Ta kwashe da dariya. "Haba Yaya, kai da ka sauko daga jirgi? Ai nufina gwaggonka ta gama da kowa a ɗinki!"

Ya tasa ta gaba har shagon, ya durƙusa a gaban matan. "Gwaggo, ban san maganar ba. Ƙirƙira na yi."

Gwaggo ta miƙa masa wayarta. "Kira min uwarta. Kuma da Hausa za ka yi bayani, tunda ita dai ka iya."

Darasi: Cewa "ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja, amma fassarar ƙarya tana raba masoya. In magana ta shige maka duhu, tambayi mai ita. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.