Littafin Wake Mai Babi Arba'in

An ce an yi wani sarki mai son ilimi, amma ya fi son a ji shi yana bayani. Wata shekara ƙwari suka cinye waken talakawansa, sai ya wallafa littafi mai babi arba'in kan adana wake da toka. Ya fara da asalin wake, ya bi ta kan saɓanin masana, bai iso kan tokar ba sai a babi na talatin da tara. Aka karanta a kasuwanni, manoma suka sha gyangyaɗi.

Da shekara ta zagayo, wake ya sake zama gari. Sarki ya fusata, ya ce zai ƙwace gonar duk wanda wakensa ya lalace.

Sai wani tsoho mai tufkar igiya, Malam Jatau, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ya sarki, kafin a ƙwace tawa, bari in koya maka sana'ata kyauta." Sarki ba ya ƙin ilimi, ya yarda.

Tsoho ya zauna tun hantsi yana ba da tarihin rama, da kakansa da ya iya jiƙa ta. Sai da azahar ya miƙa wa sarki ɓawon rama, ya ce, "Bismilla, tufka."

Sarki ya murza, ya sake murzawa, abu ya warware. Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa don dariya.

Sarki ya ce, "Ai ba ka nuna mini ba!"

"Na faɗa, ranka ya daɗe. Lokacin kana hamma."

Kunya ta kama sarki. Ya ce, "To, da yaya za ka yi?"

"Ya sarki, da na tambayi abin da ka sani, in tufka kana kallo, ka tufka ina gyarawa. Kai wa ka tambaya kafin ka rubuta? Mu aka tara aka karanta wa, alhali matanmu ke ajiye wake. Ni ko inda tulun waken yake ban sani ba."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya janye hukuncinsa, ya sa aka nemo tsofaffin mata gwanaye, su bi gida gida da ƙwaryar toka suna nunawa. Sa'an nan ya ce wa alƙalinsa, "Rubuta, kuma a taƙaice: ba adalci ba ne a hukunta hannun da ba a kama an koya wa ba."