Injiniya Haladu da Gawar Baƙo

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah ana ce masa Injiniya Haladu. Tun yana saurayi har furfura ta cinye kansa, aikinsa ɗaya ne: kula da injinan sanyaya ɗakuna a wani babban asibiti. Jama'a na ciki suna shan sanyi, shi yana bayan gini yana shan hucin inji. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Shi kaɗai yake cin tuwonsa. Ba mai tunawa da shi sai injin esi ya tsaya.

To, ku saurara. Wata bazara, rana kamar ta dafa mutum, injin zauren taro ya ƙone, ga manyan baƙi na tafe. Shugaban asibitin ya kira shi.

"Injiniya, cire na ɗakin gawa ka ɗaura a zaure. Matacce ba ya kai ƙara."

"Ranka ya daɗe, akwai gawar baƙo a ciki. Mota ta kaɗe shi, ba a san danginsa ba. In na cire, zuwa gobe ko uwarsa ba za ta gane shi ba."

"Ka cire, ko ka ajiye aikin!"

Haladu ya ce, "Zan ajiye, amma ba zan cire ba."

Baƙi suka zo suka yi ta fifita da huluna. Haladu kuwa aka ba shi zuwa ƙarshen wata ya bar aikin.

Ana saura ƙiris ya tafi, sai ga wata tsohuwa daga ƙauye, ta gama zaga asibitoci tana neman ɗanta. Aka kai ta ɗakin gawa, aka buɗe mata gawar baƙon. Ta duba, ta ce, "Shi ne. Sallau ne, ga tabon goshinsa." Ta shafa fuskar, ta ce, "Wanda ya adana min ɗana, Allah Ya rufa masa asiri duniya da lahira."

Haladu yana bayan bango, gindin injin, yana ji. Bai fito ba. Ya ce amin a hankali, hawaye na bin gemunsa. Wallahi jama'a, abin tausayi, ko walimar sallama ba a yi masa ba. Addu'ar nan kaɗai ya tafi da ita.

'Yan'uwa, amana ita ce wadda ka riƙe wa wanda ba zai iya gode maka ba, ba zai iya kai ƙararka ba. Ni da ku, wa aka damƙa mana wanda ba shi da baki? Maras lafiya ne, ko tsohon da ke ƙuryar ɗaki? Kowa ya je gida ya duba nasa. Allah Ya ba mu ikon riƙewa.