Tsohon da Ya Ƙi Dafa Ƙarfen Bene

Akwai wani tsohon ɗan ƙwallo da ake wa laƙabi da Barewa. Tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a hawa na uku na wani bene. Mutumin kirki ne, sai dai yana da girman kai, ba ya son a ce ya tsufa.

Kullum da yamma yakan sauko shagon amininsa, wani tsoho mai aski, su yi ta gardamar ƙwallo. Wata rana yana saukowa gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe, saura kaɗan ya kifa. 'Yarsa ta kai shi asibiti.

Likita ta ce, "Baba, abin da sauƙi. In za ka sauko daga bene, ka dafa ƙarfen gefen matakala. Ƙafa mai ciwo ta fara sauka, ɗayar ta same ta a matakala ɗaya, sannan ka ci gaba. Idonka a kan matakala, kuma a daina sa silifas."

Barewa ya yi tsaki. "Ni zan riƙa saukowa kamar mai koyon tafiya, maƙwabta na kallo? Allah ya kiyaye!"

Sai ya daina saukowa gaba ɗaya. Mai askin yakan tsaya a ƙasa ya ɗaga murya, "Kai tsoho, sauko mana! Wa zai yi maka dariya? Ni ma da sanda nake!"

"Gobe," in ji Barewa ta taga.

Mai askin ba ya iya hawa saboda ciwon ƙirji. Tun yana kira har ya gaji. Barewa ya koma daga gado sai kujera, sai rediyo. Ƙafafunsa suka rame, suka yi sanyi.

Wata safiya 'yarsa ta bugo waya. "Baba, an kwantar da abokinka mai aski a asibiti, kuma kai yake ta tambaya."

Ya fito da sauri ya kama ƙarfen da hannu biyu, ba ya ko tunanin masu kallo. Amma ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. Nan ya zauna a bakin matakala yana jiran a zo a sauko da shi. Kafin 'yarsa ta iso, mai askin ya cika.

Darasi: Dafa ƙarfe ko riƙe sanda ba abin kunya ba ne. Wanda ya ƙi sauka a hankali don gudun idon mutane, ƙarfin ƙafarsa zai tafi, kuma zai rasa mutanen da ke jiransa a ƙasa.