Kunun Anzar Mushe Gajere

Akwai wani mutum ɗan Agiye mai suna Gajere, wanda ya yi lakol, wato makarantar boko, har ya zama akawu a wani babban kamfanin sayen gyaɗa a Maraɗi. Albashi duk ƙarshen wata, buro, wato ofis, mai fanka, kowa Mushe yake ce masa, kirar girmamawa ta Faransanci.

Da farin 1973 ya kama ƙasa, sai ya ce ya gaji da zaman kujera. Zai koma gida ya riƙa haɗa garin kunun ƙarin lafiya, ya sayar wa waɗanda yunwa ta ramar. Matarsa Habsatu ta ce wannan sakin reshe ne kama ganye, bai saurare ta ba. Ya ajiye aiki, ya kwaso ta da 'yarsu tilo Zinariya, ya buɗe shago a bakin kasuwar Agiye.

Ni dai ban ga laifin niyyarsa ba. Girman kai ne ya yi masa yawa.

Gero ya yi tsada, don haka da 'ya'yan anza yake haɗa garin. Anza itaciyar daji ce da fari ba ya kashewa, amma 'ya'yanta suna da ɗaci mai guba. Sai an jiƙa su kwanaki, kullum ana zubar da ruwan ana sake sabo, kafin su ciwu. Gwaggonsa Tchima ce ke yi masa wannan aikin, kuma ba ta taɓa tsame su kafin kwana bakwai ba.

Masu saye suka yi yawa, ruwan rijiya kuma ya yi nisa. Gajere ya ce kwana biyu sun isa, a zuba sukari da citta su rufe ɗacin.

"Ɗana, ba a yi wa anza gaggawa," in ji Tchima. "Babba na iya jurewa, amma cikin yaro mai yunwa ba shi ɗauka."

"Gwaggo, a wace lakol kika karanta haka? Da wannan jan ƙafar taku ne har yau kuke cikin talauci."

Ta ƙi sa hannu a aikin. Ya watso mata ƙwaryarta waje a gaban mutane, ya ce ta je ta nemi mai ciyar da ita. Tsohuwa ta tsince kayanta tana share hawaye da bakin zane.

Ba a yi mako biyu ba, ran kasuwa, wata mata mai suna Baturiya ta zo da ɗanta a goye.

"Mushe, tun da na fara ba shi kunun ga yake amai da zawo. Ya ce da ɗaci."

Mutane suka fara taruwa. Gajere ya ji kunya ta kama shi, kunyar kuma ta koma fushi.

"Jahilci ne ke damunku! Kun saba da ƙazanta, ku zo ku ɓata mini suna?"

Ya aika aka kawo Zinariya. Shekararta huɗu, ba ta daɗe da tashi daga ƙyanda ba, wuyanta duk ya zurma. Ya dama kunun ya cika moɗa, ya miƙa mata. Ta kurɓa ta yamutsa fuska.

"Baba, ɗaci."

"Shanye!"

Ta fara kuka. Ya riƙe mata haɓa ya ɗura mata har ya ƙare, sannan ya kife moɗar ya nuna wa jama'a. Ya kuma rantse kullum da hantsi a nan bakin shago za ta riƙa sha, kowa ya zo ya gani. Habsatu ta durƙusa ta roƙe shi, ya ce in ya fasa, me mutane za su ce?

Kwana uku ana haka. A na huɗu yarinyar ba ta iya ɗaga kai ba. Ya saɓe ta a kafaɗa yana gudu zuwa wajen likita, amma jikin da ƙyanda da fari suka riga suka cinye ba shi da sauran abin yin faɗa. Kafin la'asar, yarinyar ta cika.

Wallahi ina rubuta wannan zuciyata na ƙuna.

Ranar sadakar uku, Baturiya ta zo gaisuwa. Gajere na zaune a zaure, ya kasa haɗa ido da kowa. Da ya gan ta, sai ya tambaya da muryar da ta dishe, "Ina yaronki?"

"Ya tashi, Mushe, ga shi can yana wasa. Mu da ba mu yi lakol ba, da yaro ya ce da ɗaci, sai muka daina ba shi."

Darasi: Canza sana'a ba laifi ba ne, amma ilimin buro ba ya maye gurbin sanin waɗanda suka tsufa a kan aiki. Wanda ya fi tsoron a ce ya yi kuskure fiye da tsoron cutar da mutane, na jikinsa ne za su fara ɗanɗana. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin fara sabuwar sana'a, ko Allah ya sa ya ji tun da wuri.