Tafin Otis

Akwai wani saurayi mai suna Alonzo Brack a garinmu na masu haƙar kwal, a jihar Ohio ta Amurka. A wasan besbol, inda wani ke jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, shi ne mai jifa, kuma in ya saki ƙwallo sai dai ka ji ƙararta.

Mai cafe masa shi ne Otis Fenner, ɗan mahauci. A zamanin ba a sa safar hannu mai kauri. Otis yakan ɗaure yankan nama ɗanye a tafinsa, ya tsuguna bayan mai bugu. Yatsunsa duk sun karkace kamar saiwar bishiya.

Wata rana manajan wata ƙungiyar birni ya zo kallo. Da aka tashi ya ce zai ɗauke su su biyu.

Alonzo ya yi dariya. "Yallaɓai, ni ka zo gani. Wannan ai ƙarnin nama zai cika muku fili da shi."

Otis ya kwance naman, ya jefa wa kare. "Sauka lafiya, sarkin jifa."

A birni Alonzo ya gane abin da ya bari. Dokar ita ce, mai bugu ya kuskure sau uku ya fita, amma sai an cafe ta ukun. Masu cafewar birni kuwa ba su iya riƙe ƙwallonsa. Ta suɓuce, mai bugu ya ruga da gudu ya tsira. Ɗaya ya karya yatsa, ya ce, "Ni da iyali, ba zan tsaya gaban igwa ba."

Manaja ya ce ya rage ƙarfi. Ya rage, aka dinga dukan ƙwallon har bayan katanga. Wasa shida, aka sallame shi.

Ya dawo ya shiga ramin kwal. Wata biyu yana zagaye hanya don kada ya bi ta gaban mahauta.

Ran wata Asabar Otis ya tare shi, nama ɗaure a tafi.

"Kai, ɗan birni! Hannun ya mutu ne?"

"Otis, ni fa na..."

"Ajiye wannan. Je ka tsaya wurinka, naman nan tsada gare shi."

Birni bai sake kiransa ba. Shekara ashirin suka yi a filin bayan coci, wannan na jifa, wancan na cafewa.

Alonzo mahaifina ne. Ran Talata muka binne shi, ƙurar rami ta cinye masa ƙirji. Otis ne ya kama gaban akwatin da yatsun nan nasa. Hanya da santsi, an sha ruwa, muka ce ya kawo mu karɓe shi.

Ya ce, "Ban taɓa sakin abin da ya jefo min ba. Yau zan fara?"

Darasi: Kada ka raina hannun da ke tare maka, don ƙarfinka a tafinsa yake zaune. Ku tura wa wani, kuma in kuna da naku Otis, ku je ku gaishe shi tun yana nan.