Zangarniyar Iya Filomina

A wani ƙauye na masu bin Almasihu an yi wani manomi, Dogara, mai son ibada da son ganin abin al'ajabi. A ƙauyen akwai wata tsohuwa, Iya Filomina, wadda mai yunwa bai taɓa tarar da ƙofarta a rufe ba. Ita ke jinyar marasa lafiya, takan isa coci tun ba a kaɗa ƙararrawar Misa ba, kuma bayan girbi takan bi gida gida tana raba zangarniyar geronta, wani iri mai saurin nuna, don kowa ya ajiye na shuka.

Da ta rasu, mutane suka fara cewa waliyya ce. Fada, limamin cocin, ya ce su bi a hankali, Ikilisiya ba ta gaggawa a wannan magana, sai ta binciki rayuwar mutum, ta kuma ga alama daga wurin Allah. Dogara ya ce to, amma a ransa ya riga Ikilisiya yanke hukunci.

Kowa ya san inda ake rataye iri: a ɗakin girki, saman murhu, inda hayaƙi ke hana ƙwari shiga. Shi kuwa Dogara ya ga bai dace abin da hannun waliyya ya taɓa ya yi baƙi da kunkunniya ba. Sai ya naɗe zangarniyar da Iya ta ba shi a farin ƙyalle, ya rataye ta a ɗakinsa kusa da gicciye da hoton Uwa Maryamu. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, bai shuka ta ba. Matarsa ta yi magana har ta gaji, shi dai amsarsa ɗaya, wai ba a binne abu mai tsarki a ƙasa.

Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Shuka ta ƙone, irin da ke rumbu ya ƙare. Kafin hadari ya sake haɗuwa damina ta yi nisa, ba geron da zai kai sai mai saurin nuna. In Dogara bai shuka ba a 'yan kwanakin nan, 'ya'yansa za su sha yunwa har baɗi.

Dogara bai damu ba, har wani daɗi ya ji, domin a ganinsa ranar mu'ujiza ta zo. Ya durƙusa ya roƙi Iya ta yi masa addu'a wurin Allah, ya kwance ƙyallen a hankali. Gari ne kawai ya zubo masa a tafin hannu, da 'yan ƙwari suna gudu. Ko ƙwaya ɗaya ba su bar masa ba.

Baƙin ciki ya cika shi. Ya fita da rana tsaka, ya kwanta a gindin ɗorawar da ke bakin gonarsa, barci ya ɗauke shi. Ya ga wata gona da ido ba ya kai ƙarshenta, gero yana kaɗawa ba tare da iska ba, haske ko'ina amma ba rana. Mutane cikin fararen tufafi suna tafe a kunyoyi suna waƙa a hankali, ya gane waliyyai ne. Abin da ya ba shi mamaki, duk hannuwansu da ƙasa da kunkunniya. Can ya hango Iya Filomina da ƙwarya a ka, tana tafiyarta ta da.

Ya ce, "Iya, na girmama abin hannunki, ga shi kin bar ni."

Ta dube shi tana murmushi ta ce, "Ɗana, iri na ba ka, ka mai da shi ado? Na kai roƙonka. Tashi, amsa tana hanya."

Ya farka, iskar ruwa tana kaɗawa. Ga maƙwabciyarsa Kande, wata gwauruwa, tsaye a kansa da ƙwarya. Ita ma Iya ta ba ta zangarniya ɗaya, amma ita a hayaƙi ta rataye tata, tana shukawa tana girbewa tana ajiyewa. Tun safe take bin gidaje tana raba iri. Dogara ya tambaye ta ko zai ishi ƙauye duka.

Ta ce, "Ƙanena, ni ban leƙa ƙasan ƙwaryar ba, ɗiba kawai nake yi. Miƙo hannu."

Ya miƙa, ta zuba masa gero mai ƙaurin hayaƙi. Ya shuka shi yana hawaye, kafin ya gama ruwa ya sauko.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Iya Filomina ita ce waliyyai, zangarniya kuwa rayuwar da suka bar mana. Hayaƙin murhu shi ne wahalar hidima ta kullum: jinyar mara lafiya, ciyar da baƙo, yafe wa wanda ya cuce ka. Waliyyi ba ya yin mu'ujiza da ikon kansa, roƙo yake yi mana, Allah ne mai yi, kuma sau da yawa ta hannun maƙwabci yake aiko ta. Rataye hoton waliyyai abu ne mai kyau, ɗaukar sunansu ranar baftisma ma haka. Amma in mun naɗe halinsu a farin ƙyalle muna kallo, ranar bukata gari za mu tarar.

Kowannenku yana da sunan waliyyinsa. In kun koma gida yau, ku tambayi abin da ya yi da hannunsa, sa'an nan ku kwance ƙyallen ku shuka.