Manomi da Muƙamuƙin Fara

'Yan'uwa, tun da aka ce ni zan kawo darasin wannan Lahadi hankalina bai kwanta ba. Karatuna ba mai zurfi ba ne, ina tsoron in tsaya a gabanku bakina ya ɗaure. Ina tankaɗe ina tunani, ina wanki ina addu'a. Ga abin da na samu, ku karɓa da haƙuri.

Akwai wani manomi da yake da wa. Gidajensu suna kallon juna, itacen tsamiya ne kawai a tsakani. Sun gaji wata al'ada daga ubansu: in gero ya nuna, ba mai gasa tumu, ba mai tuƙa sabon tuwo, sai ƙane ya kai damin farko gidan wa, sun yi godiya ga Allah, sun sa hannu a akushi ɗaya.

A wata damina awakin wan suka shiga gonar manomin, suka cinye masa wake. Wan bai ce masa ko sannu ba. Manomin ya yi fushi, ya daina gaishe shi.

Kaka ta yi, gero ya yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Amma tsohon hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu, sabo kuwa ba halin taɓawa. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Ni aka yi wa laifi. Shi zai zo."

Manomin nan yana da 'ya a jami'a, wadda take bincike a kan muƙamuƙin mutane da na ƙwari. Da ta zo hutu, kullum tana bakin gona tana kama fara, tana duba bakinsu da gilashi mai ƙara girman abu.

Wata rana ya same ta a inuwa, ya zauna yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Uwata, mutane suna kama fara su soya, ke kina leƙa mata baki. Me ta ce miki yau?"

Ta yi dariya ta miƙa masa gilashin. "Duba da kanka, Baba."

Ya duba, sai ya ga farar tana cin ganye. Muƙamuƙanta biyu ne, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Wannan ya taho, wancan ya taho, su haɗu a tsakiya.

Manomin ya buga cinya don murna. "Kin gani ko? Har fara ta san gaskiya. Kowa ya yi rabin tafiya. Je ki gaya wa Baffanki ya zo gindin tsamiya, ni ma in zo."

'Yar ta ce, "To, Baba, amma kai ba fara ba ne. Ɗora yatsa a ƙarƙashin hancinka, ka tauna gyaɗar nan."

Ya ɗora, ya tauna. Wurin bai motsa ba.

"Yanzu riƙe haɓarka da ƙarfi, kada ta motsa. Bari muƙamuƙin sama ya sauko ya tauna maka."

Ya riƙe haɓa. Ya yamutsa fuska, ya ɗaga gira, ya murɗa hanci, gyaɗa tana nan a kan harshe kamar an ba shi ajiya. Matarsa ta fito daga madafa ta ce, "Maigida, lafiya? Ko kunama ce?" Dariya ta ƙwace masa, har gyaɗar ta faɗo ƙasa, kaza ta tsince.

'Yar ta ce, "Na sama a haɗe yake da ƙashin kai, Baba, ba ya saukowa. Tun da aka haife ka, duk lomar da ka ci, na ƙasa ne ya tashi ya same shi."

Manomin ya shafa gemu. Can ya miƙe, ya ɗauki dami a ka, ya wuce tsamiya bai tsaya ba.

Ya tarar da wansa a zaure. Wan ya dube shi, ya dubi damin, ya ce, "Ka makara. Har na fara ramewa."

"Yaya, awakinka dai ba su rame ba."

"Su ma sun ce waken bai yi daɗi ba."

Suka fashe da dariya. Wan bai ce yi haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Amma ya aika aka kama bunsurun da ya fi ɓarna, aka yanka. Ran nan gidajen biyu suka ci sabon tuwo da nama, ƙamshin tumu ya cika unguwa.

Ma'anar misalin nan ita ce: muƙamuƙin sama shi ne ɗan'uwanka wanda ba ya iya saukowa, ko don girma, ko don kunya, ko don haka halinsa yake. Na ƙasa kuwa kai ne. Abincin shi ne salamar da Allah ya riga ya tanada wa gidanku. Dukanmu muna son sulhu irin na fara, kowa ya taho rabi. In an samu haka, madalla. Amma sau da yawa ba a samu, gida ya zauna da yunwa alhali rumbu a cike. Wanda ya fara tashi bai ƙasƙanta ba, shi ne ya ciyar da jiki duka. Ku tuna, ba mu muka fara neman Ubangiji ba. Muna zaune cikin taurin kai ya taso ya same mu.

Sai dai ni kaina akwai inda na tsaya. Yayata, Damaris, ta ji haushi don ba ita aka ba aikin rabon abinci a bikin ɗana ba. Na je na gaishe ta, na sake komawa, daga "lafiya" ba ta ƙara komai. Jiya na sayo zogale zan yi mata dambu, don ba abin da take so kamarsa. Maigidana ya ce in ba yara su kai mata, kada in sha kunya. Ni kuwa zuciyata tana ce mini in ɗauki kwanon da hannuna, in zauna a tabarmarta har sai ta buɗe shi. Iyayena mata, ku da kuka fi ni sanin halinta, in aika ne, ko in je?